Ranar da Baba Ya Yi Sulhu a Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar bakina bai huta ba. A ɗakin malamai a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai markaɗen layinmu sai da ta kashe inji ta ce, "Malama Asabe, wai da gaske kin ga gawar Fir'auna?" Ban gan ta ba. Asibiti na gani, da ofishin inshora, da caji ofis. Na gaji da ba da labari guntu-guntu kowa yana ƙara nasa gishirin, shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru. Wadda ta sake tambayata, takarda zan miƙa mata.

Idon Baba ne ya kai mu. Na hagu ya daɗe da tafiya, na dama kuma ya fara bin sahu. Likitanmu na Zariya ya ce a can bayan idon za a yi aikin, kuma in ana so a cece shi to a gaggauta. Ƙanena Mustafa yana Alƙahira yana karatun digirinsa na biyu, shi ya nemo likita ya karɓo mana rana. Matsalar ita ce shekarar dubu biyu da sha uku ce, lokacin da ƙasar take tafasa, an sa dokar hana fita, kullum rediyo da abin da za ta faɗa. Duk wanda muka je wa sallama sai ya riƙe baki. Gwaggo ta ce, "Asabe, mutane suna gudowa ku kuna shiga?" Baba ya ce mata a Tudun Wada ma ana mutuwa, ta kawo addu'a kawai.

Wanda bai san Baba ba, bari in gaya masa. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma tun da ya yi ritaya ba shi da sana'a sai sulhu. Rigimar iyakar gona, mai babur ya ture mai ƙosai, ɗan haya da mai gida, duk a zaurenmu ake ƙarewa. Zai saurara har kowa ya gaji, sannan ya yi magana ɗaya. Ban taɓa ganin ya janye ta ba, ko da kuwa a cikin gida ne.

Daga Kano muka tashi. A filin jirgin Alƙahira aka fara da katin allurarmu, wata mata mai farar riga ta juya shi gaba ta juya shi baya kamar mai sayen atamfa, sannan ta wurgo mana. Sai kwastan. Na zo wa Mustafa da kuka, da kuɓewa busasshiya, da daddawa mai yawa, don ya ce ita ya fi kewa. Jami'in ya kwance ledar ya kai hanci, sai ya yi baya ya kira na kusa da shi. Shi ma ya shinshina ya kira wani. Larabcina na Islamiyya ne, ba ya wuce gaisuwa, sai na riƙa nuna baki ina cewa abinci ne. Suka dube ni, suka dubi daddawar, tausayina ya kama su. Babban cikinsu ya ce, "Yalla, yalla," yana kaɗa hannu a fitar masa da ita daga wurin. Kilishin kam bai tsira ba, sun riƙe shi, kuma na san inda ya tafi.

Mustafa yana bakin ƙofa. Ya rame, ya tara gemu. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya kama hannunsa, ya ja mu can ƙarshen wurin ajiye motoci, inda wata doguwar farar mota take tsaye mai tsayi kamar ta masu raba burodi. Ya buɗe ƙofar gefe. Wallahi na yi tsaye. Ɗaki ne sosai, ga gado, ga ɗan tebur da benci, ga murhun gas, ga firiji, har da makewayi mai ƙofa. Su a can karafan suke ce mata. Turawa ne suke yawon shaƙatawa a irinta, su kwana inda dare ya yi musu. Wani tsohon Bature da matarsa suka shigo da ita, da ƙasa ta rikice suka sayar da ita a gurguje suka hau jirgi.

Da kuɗin da aka saye ta kuwa akwai magana. Gadon mahaifiyarmu Inna ne, Allah ya jiƙanta, kason Mustafa na gidanta na Sabon Gari. Baba ya ce ya sayi fili. Mustafa ya ce to, ya je ya sayi mota. Dabararsa ita ce marasa lafiyar da suke zuwa daga gida, masu karaya da masu ciwon baya da waɗanda aka yi wa aiki, ba sa iya zama a tasi. Shi sai ya kwantar da su a gado ya kai su asibiti ya dawo da su, ya yi musu tafinta. Kuma a cikinta yake kwana, ya huta da kuɗin haya. Ita ce gidansa, ita ce kasuwarsa, da ita yake biyan makaranta. Tun ranar da Baba ya ji labarin bai sake kiranta da wani suna ba sai "akwalar nan."

Baba ya shafa jikin ƙofar da tafin hannu, tun da ba ya gani sai dishi-dishi.

"A nan kake kwana?"

"A nan ne, Baba."

"Kamar kwandasta."

Amma da aka kwantar da shi a gadon, kafin mu fita daga filin jirgi ya fara minshari.

Hanyar zuwa Madinat Nasr, unguwar da ɗalibanmu suka fi yawa, shinge ne bayan shinge. Motocin soja masu sulke a bakin titi, yara matasa da bindigogi, fuska ba fara'a. Ƙananan motoci su wuce, mu kuwa kowane shinge sai an tsayar da mu, don motar ta yi girman da za a iya ɓoye komai a ciki. Su shigo su buɗe firiji, su leƙa makewayi, su ɗaga bargon Baba. Mustafa yana miƙa takardu yana murmushi. Ni kuwa duk addu'ar da na sani sai da na karanta ta.

Masaukinmu a hawa na shida yake, a gidan wata Hajja Amna, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta sun taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka a ƙafa, suka tsaya a hanya. Hausarta tsohuwa ce mai daɗi, sai dai rabi Larabci, in tana sauri sai in riƙa gyaɗa kai kawai. Lif ɗin gidan ba shi da ƙofar ciki, kana tsaye bango yana wucewa ta gaban hancinka. Sau ɗaya na shiga na ce na tuba, na koma hawa matakala ina haki. Abinci kuma wake ne da safe, wanda suke kira ful, a dama shi da mai a ci da gurasa. Da rana koshari, wato shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, kamar wadda ta kwashe ragowar tukwane. Yaji babu. Baba ya ci kwana biyu ya ce a tambaye su laifin me ya yi. Ranar da na kaɗa miyar kuka, maƙwabciyarmu Bamisriya ta buga ƙofa tana tambaya ko bututun bayan gida ne ya fashe. Abin da ya fi ba ni tsoro da farko shi ne maganarsu. Mutum biyu su tsaya suna ihu, jijiyar wuya a waje, ka ce yanzu za a zaro wuƙa, ashe farashin tumatir ake tambaya.

Ana jibi za a yi wa Baba aiki, Mustafa ya ce inshorar motarsa ta kusa ƙarewa, zai leƙa Wustul Balad, wato tsakiyar gari, ya sabunta. Na ce zan bi shi in ga gari. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi a taragon kowa da kowa, ni a na mata, inda wata tsohuwa ta kama mayafina tana murzawa tana tambayar kuɗinsa.

Ni dai a sanina inshora takarda ce da ake saya a gindin bishiya kusa da ofishin lasin, a ninke ta a sa a aljihun mota don 'yan sanda. Mijina ya yi shekaru yana tuƙi, an buge shi ya bugi wasu, ban taɓa jin an ce a je wurin inshora ba. A bakin titi ake gamawa, a ba da haƙuri, a raba kuɗin mai gyara. Mustafa ma da irin wannan tunanin ya zo. Ga kuma abokansa ɗalibai, waɗanda suka shafe dare suna muhawara a kan ko inshora halal ce ko caca ce, kowa da littafinsa. Don ya huta da su ya zaɓi kamfani na takaful, irin wanda ake tara kuɗin a matsayin taimakon juna, amma kullum mafi arha yake yanka.

Matar da ke ofishin Madam Huda ake ce mata, mai ƙiba, tabarau a rataye a wuya, shayi a gabanta. Ta ba mu shayi mu ma, sannan ta fara yi wa Mustafa tambayoyi yana fassara mini.

Ta ce wadda yake da ita ta dole ce, wadda gwamnati ta wajabta. In ya buge mutum ita za ta biya jinya ko diyya, amma motarsa ko ta ƙone ƙurmus ba ruwanta. Sai wadda suke kira shamil, ita ce mai ɗaukar karo da gobara da sata. Na ce to ai shi ke nan. Ta ɗaga yatsa ta ce ba shi ke nan ba, karafan mota ce kuma gida ne. Shamil ta san inji da ƙarfe da gilashi, ba ta san firiji da murhu da gado ba, su sai an rubuta su daban. Ta tambaye shi kwana nawa yake yi a cikinta a shekara. Ya ce kullum. Ta ajiye biro. Ta ce wanda yake fita hutu sau biyu a shekara daban, wanda yake girki a ciki kullum da tukunyar gas daban. Ta tambaya ko yana ɗaukar mutane su biya shi.

Mustafa ya dube ni ya ce da Hausa, "In ce mata 'yan uwa ne?"

Na ce, "Kai da kake karatun Shari'a? Faɗa mata gaskiya, kada ka ba ni kunya."

Ya faɗa. Ta ce madalla da ya faɗa, don da ya ɓoye aka yi hatsari da fasinja a ciki, kamfani zai wanke hannunsa. Ta ƙara masa ta fasinja, da ta motar janwe in ta lalace a hanya. Da ta faɗi jimillar, sai ya miƙe ya ce ta bar masa ta dolen kawai. Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Zauna! Gadon uwarmu kake yawo da shi a titin da direbobi ba su san burki ba, kana ce mini ta dole?" Na kwance kuɗin tsarabata na zube a kan teburin, ya cika da nasa. Shi ya sa, ku masu ƙorafin ban kawo muku abaya ba, yau kun ji inda ta tafi. Muka fito yana ta mita, amma na ga kafaɗarsa ta sauka. A bakin titi ya saya mini ruwan rake ya ce yau zai yi barci da ido biyu a rufe.

Asibitin yana Dokki, a tsallaken kogi. Aiki ya yi kyau. Aka rufe idon da bandeji, likita ya ce kada a girgiza shi, kada a ɓata masa rai, don in jininsa ya hau idon ne zai ji a jikinsa. Ranar Alhamis bayan la'asar aka sallame mu. Kowa yana sauri ya isa gida kafin dokar hana fita, titi ya cika, hon ta ko'ina. Baba yana kwance a gado mun tokare shi da filo, ni ina kan benci kusa da shi, Mustafa yana tafiya a hankali ana ta zaginsa daga baya.

Mun sauko daga gada ke nan. Ban ga komai ba, ƙara kawai na ji, sai motar ta yi tsalle gefe, firiji ya tsinke ya faɗo, kwanuka suka watse, goshina ya daki gefen tebur. Ruwan tanki ya malalo ta ƙarƙashin ƙafata. Na ce, "Innalillahi! Baba!" Na faɗa kansa na riƙe masa kai.

Ya ce, "Cika ni, Asabe, za ki ƙarasa abin da mota ta fara. Lafiyata lau. Ina yaron?"

Mustafa ya rarrafo ta tsakanin kujeru, fuskarsa fari fat. Ya duba bandejin Baba, ya ga bai goce ba. Sai da ya tabbatar sannan ya fita. Na bi shi jini yana zuba mini a gira. Ƙaramar bas ce ta haya, irin wadda suke kira mikrobas, ta fito daga lungu a guje ta shige cikin haƙarƙarin karafan. Gefen kicin ya buɗe gaba ɗaya, ana hango gadon Baba daga titi, tayar baya ta karkace ta shige ciki. Mustafa ya tsaya yana kallo. Sai ya juyo ya ce mini a hankali, "Yaya, Allah ne ya sa kika matsa mini."

Mutane suka taru, kowa yana ihu, kowa ya ga yadda aka yi. 'Yan sanda suka zo suka kwashe mu duka zuwa caji ofis, har da Baba, don ba mu da inda za mu bar shi. A hanya Mustafa ya kira likita, likitan ya ce in idon ba ya zafi a kawo Baba da safe.

Ofishin cunkus yake, zafi, hayaƙin taba, fanka tana juyawa a banza. Aka ba Baba kujera a gaban teburin wani hafsa mai taurari a kafaɗa, wanda yake duba agogo kowane minti. Direban mikrobas ɗin sunansa Ragab, siriri, ya manyanta, rigarsa ta jiƙe da gumi. Laifinsa a fili yake, kuma lasinsa ya ƙare. Abokan sana'arsa sun cika ƙofa suna roƙo.

Mustafa ya koma gefe ya kira Madam Huda. Na ga yana saurare yana gyaɗa kai, sai fuskarsa ta canza. Ya jawo ni jikin bango.

"Ta ce in karɓi rahoton 'yan sanda kawai. Ta ce ko da wasa kada in sa hannu a takardar yafiya."

"Saboda me?"

"Kamfani zai gyara mini mota, daga baya ya bi wanda ya yi laifin ya karɓi kuɗinsa. In na yafe masa, na yafe haƙƙin kamfani ne ba da izininsu ba. Ba za su ba ni ko sisi ba."

"To shi fa, ba shi da tasa inshorar?"

"Ta dole ce. Ba ta biyan mota."

Na ce to magana ta ƙare, kada ya sa. Na ce a yafe masa goshina, a bar maganar mota. Mustafa ya je ya gwada. Hafsan ya ɗaga kai ya ce shi ba shi da lokacin raba magana gida biyu, magariba ta kusa, yana da aikin da ya fi wannan. Ko dai sulhu cikakke kowa ya tafi gida, ko ya rufe direban ya tura takarda gaban mai gabatar da ƙara.

Ragab ya ji. Sai ya zube a gaban Baba, ya kama hannunsa, ya tashi ya sumbaci kan Baba, yana kuka yana magana da sauri. Baba ya ce, "Me yake cewa?" Mustafa ya yi kamar bai ji ba. Baba ya maimaita. Dole ya fassara: motar ba tasa ba ce, 'ya'yansa mata huɗu, matarsa tana jinya, in aka rufe shi ba mai kai musu burodi, in kamfani ya bi shi sai dai ya sayar da ɗakin da suke ciki.

Na ga Baba ya gyara zama. Na san wannan zaman, tun ina yarinya nake ganinsa a zaure. Gabana ya faɗi.

Na ce, "Baba, akwai wata magana."

Ya ɗaga mini hannu. Ya dafa kan Ragab, ya juya wajen da yake jin muryar hafsan, bai jira tafinta ba, da Larabcinsa na zaure ya ce, "Afautu anhu. Lillahi." Na yafe masa, don Allah.

Wurin ya kaure da kabbara. Direbobin suka rufe shi suna sumbatar hannunsa, suna ta Hajji, Hajji. Har hafsan ya ɗan yi murmushi. Ya ce maganar dattijo ta yi kyau, amma mai mota ne zai sa hannu. Ya turo takarda da biro gaban Mustafa.

Na matsa zan faɗa wa Baba komai. Mustafa ya damƙe mini wuyan hannu, sai da na ji zafi. Ya raɗa mini, "Yaya, don Allah."

"Sakar ni. Bai san abin da ya yi ba."

"In kika faɗa masa, ko dai ya janye maganarsa a gaban mutanen nan, ko ya sani ya ci gaba. Wanne kike so ki ga ya yi?"

Na koma jikin bango. Ga maganar likita a kunnena, ga jini yana bushewa a fuskata.

Baba ya gaji da jira. Ya ce, "Me ake jira?"

Mustafa ya ce, "Sa hannuna, Baba. Wai ni ne mai mota."

"To ka gaya wa mai kakin nan, motar ɗana ce, kuma ɗana ba ya tsallake maganata."

Da ƙarfi ya faɗa, yana alfahari. Mu uku mun san ya taɓa tsallakewa sau ɗaya, kuma a kan motar nan ce. Mustafa ya sunkuyar da kai. Na ga hawaye ya ɗiga a gemunsa. Wayarsa tana ta ƙara a aljihu, Madam Huda ce, bai ɗauka ba. Ya ɗauki biro ya sa hannu.

Hafsan ya buga hatimi ya ce, "Khalas," wato an gama. Ragab ya rungume Mustafa yana jijjiga shi. Ni ban iya kallonsu ba. Wani daga cikin direbobin ya kai mu gida kyauta, yana gudu don kada doka ta kama mu a hanya, muka iso sojoji suna jan waya suna rufe titi. A cikin motar sai fara'a Baba yake, yana cewa mutanen Masar ashe suna da kunya.

A matakala na tsayar da Mustafa bayan ya kai Baba ɗaki. Na zage shi tas, ban rage komai ba. Na ce masa wawa, na ce ya ƙona gadon Inna don a tafa wa Baba. Ya tsaya yana ji har na gama. Ya ce, "Na sani, Yaya." Sai ya nemi auduga ya wanke mini goshi.

Ya koma wurin Madam Huda ranar Lahadi, wadda a can ranar aiki ce. Ta duba takardar, ta cire tabarau, ta ce ma'alish, wato sai haƙuri. Ta yi ƙoƙari ta kai maganar sama, aka dawo mata da ita. Janwe kawai suka biya, tun da shi ba ruwansa da mai laifi. Mai gyara ya zo ya zagaya motar, ya ce ƙashin bayanta ya lanƙwashe, kayan gyaran kuma sai daga Turai. Abin da ya faɗa Mustafa ko a mafarki ba shi da shi. Aka ajiye ta a wani fili bayan masallaci aka lulluɓe ta da tamfol. Ya kwashe littattafansa da bargonsa ya koma kwana a falon abokansa ɗalibai. Marasa lafiyar da suka saba kiransa suka kira sau ɗaya sau biyu, da suka ji ba mota suka nemi wani.

Ido kuwa ya buɗe. Ranar da aka cire bandeji Baba ya dube ni ya ce, "Asabe, ashe kin tsufa haka?" Na yi dariya na yi kuka. Ya karanta Alƙur'ani da kansa a daren, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Don wannan na gode wa Allah, har gobe ina godiya. Amma fushin bai bar ni ba, kuma abin haushin ban san wa zan ɗora wa ba. Baba alheri ya yi da zuciya ɗaya. Ragab talaka ne. Madam Huda ta faɗi gaskiya tun kafin a sa hannu. Sai in ga kamar da ni nake fushi, da na tsaya a jikin bango na yi shiru.

A tasi muka tafi filin jirgi. Mustafa ya ɗauko mana jakunkuna har inda ake tsayar da masu rakiya. Ya durƙusa zai yi sallama, sai Baba ya ce, "Af, ina motar taka? Ga ido ya samu, ban ko gan ta ba."

"Tana wajen gyara, Baba."

"Inshorar taku ta biya ke nan?"

"Ana kan maganar, Baba."

"Madalla. Ka gani ko? Mun yafe wa bawan Allah, ga shi ba abin da muka rasa. In ta fito ka ɗauko mini hotonta, in nuna wa mutane a gida."

Mustafa ya ce, "In sha Allahu, Baba."

Baba ya dafa kansa ya daɗe yana sa masa albarka, irin wadda ban taɓa jin ya sa wa ɗayanmu ba. Na buɗe baki, Mustafa ya ɗago ya dube ni, na rufe. Muka shige layi. Da na waiwaya ta gilashi na hango shi ya wuce masu tasi suna kiransa, ya nufi can inda ake jiran bas.